Fulawar da Maame Ta Ce In Kai Mata

Kakata, wadda ta zo Kumasi daga ƙasar Nijar tana amarya, har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta ce fulawa ba. Fure take cewa. Tana da 'yar kuɓewa da rama a bayan ɗakinta, tsakanin bango da kwata, kuma duk yaron da ya tsinki fure sai ya sha rankwashi. "Miyar jibi ka cire," in ji ta. A wurinta fure ba abin kallo ba ne. Abinci ne da bai iso ba tukuna.

Fulawa a makaranta na fara jin ta da kyau. Malamarmu ta zana wata da jan alli a allo, ta faɗi sunanta da Turanci, muka maimaita. Da na dawo gida na saurara, sai na ga ashe kalmar ta daɗe a bakin mutanen Zongo, sun tanƙwara ta yadda harshensu zai iya. Ba fulawar burodi nake nufi ba, wannan daban. Fulawa ita ce wadda ake shukawa don a kalla kawai, irin ta ƙofar manyan gidaje wajen Manhyia, unguwar fadar sarkin Asante, ko ta roba da ake jera wa amarya a kan kabad, ko wadda aka buga a jikin zane. Fure na mangwaro ne da zogale da kuɓewa. Ba wanda ya koya mana wannan rabon, amma ban taɓa jin an haɗa su ba.

Karatuna a firamare ya tsaya, daga nan sai kasuwa. Atamfa nake sayarwa, don haka kalmar fulawa ba ta barin bakina daga safe zuwa yamma: mai jar fulawa, mai ƙananan fulawa, mai fulawa a baki. Amma fulawa mai rai ba ta shigo rayuwata ba sai ta hannun matar da rumfarta ke manne da tawa.

Ba'asanta ce, wato 'yar ƙabilar Asante, Kirista, ta girme ni kaɗan. Maame nake ce mata, kamar yadda suke kiran babbar mace. Ita ma zane take sayarwa, mafi yawa baƙi da ja na zaman makoki. Hausarta ta kasuwa ce, kowa namiji ne a bakinta. Da safe in na iso sai ta ce, "Hajiya, ka zo? Ka yi latti paa."

Ban taɓa zuwa Makka ba. Na sha gaya mata.

"Maame, ki daina. Sunan da ban kai ba kike ba ni. Ranar lahira za a tambaye ni."

"In sun tambaye ka, ka ce ni ne. Ka ba su lambar wayana."

Ni mace ce mai yawan zullumi, tun ina yarinya haka nake. In na yi alwala sai in sake don ban tabbata na wanke gwiwar hannu ba. In na gaya wa mai saye cewa zane ba ya zuba, sai in wuni ina tunanin ko zai zuba. Maame ta san wannan, kuma shi ne abin wasanta.

A gaban rumfarta akwai gwangwanayen tumatir manya, ta cika su da ƙasa ta shuka fulawa. Wata ja ce mai ƙaya, wata fara mai ƙamshi da yamma, wata rawaya mai warin da ban so. Kasuwa ba fili, mutane na tuntuɓe da su, 'yan dako na zagi, ita ko a jikinta.

"Me ake ci a jikinsu?" nakan tambaye ta.

"Ido na ne ke ci. Ku mutanen Zongo komai sai ya shiga tukunya."

In ta tafi garinsu makoki, ni ke ba su ruwa. Sauran ruwan butata nake zuba musu, sannan in zauna ina tunanin ko ya dace ruwan alwala ya shiga fulawar da wataƙila ranar Lahadi za a kai coci. Ban taɓa tambayar kowa ba, don na san dariya za a yi mini.

Lokacin da maigidana ya rasu, da hantsi ya cika, kafin la'asar an kai shi. Maame ta ji labari a kasuwa, ta rufe rumfa, ta je gida ta ɗauro baƙin zane, ta iso ta tarar maza sun dawo suna wanke ƙafa. Ta zauna kusa da ni ta yi kuka fiye da wasu dangi. Bayan na fita takaba na koma kasuwa ne ta faɗi abin da ke ranta.

"Ku dai kuna binne mutum kamar kayan sata. Ban gan shi ba, ban yi masa sallama ba. Ko fulawa ɗaya ba a sa masa ba."

"Addu'a muke sa wa namu."

"Addu'a da fulawa faɗa suke yi?"

Na juya na ci gaba da jera atamfa.

Ciwonta ya fara da kumburin ƙafa. Ta rage zuwa kasuwa, daga baya 'yarta ta ɗauke ta zuwa gidanta a unguwar Atonsu. Yarinyar nan a ƙarƙashin teburanmu ta yi rarrafe, da 'ya'yana ta tashi, Mma take ce mini kamar su. Ban je dubiya yadda ya kamata ba. Kullum sai in ce Juma'a mai zuwa, Juma'a ta zo in ga cunkoson hanya in fasa. Ranar da na je, na same ta a kujera a baranda, ta rame har zoben hannunta na juyawa.

"Ya fulawa na?" Ita ce tambayarta ta farko.

"Suna nan. Farar ta yi sabon reshe."

"Hajiya, in na mutu ka kawo mini fulawa. Ba na roba ba, ba na takarda ba. Na gaske. Ka sa a kabari na da hannun ka."

"Haba Maame, wace irin magana ce wannan? Za ki tashi."

"Ban tambaye ka ko zan tashi ba."

"To, in sha Allahu."

Ta yi dariya har tari ya kama ta. "Wannan in sha Allahu na kasuwa ne. Na ji ka kana faɗa wa masu zuwa talla. Ban so. Ka ce ka yi alkawari."

'Yarta na tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa tana kallona. Na dubi ƙafafun Maame da suka kumbura kamar tulu. Na ce, "Na yi alkawari."

Tun a trotro, wato ƙaramar motar haya, kafin mu fita Atonsu, zullumi ya taso mini. Me na ɗauko wa kaina? Mu ba ma kai fulawa kabari. Ban taɓa gani ba, ban taɓa ji ba. Na riƙa roƙa mata sauƙi da gaske, amma a ƙasan roƙon akwai wani abu da nake jin kunyarsa: ina so ta warke don kada alkawarin ya zo kaina.

Ba ta warke ba. 'Yarta ta kira ni wata safiya ina shimfiɗa kaya.

Da a ce irin namu ne, da kafin in gama rikicewa an gama komai. Amma Asante ba sa gaggawa da mamaci. Aka kai ta firij na asibiti. Aka yi zaman cika mako guda da rasuwa, dangi suka taru suka sa ranar jana'iza can gaba, don a jira ɗanta da ke ƙasar waje, a gyara gidan gado a ƙauye, a buga hotuna. Duk wannan tsawon lokaci ni ina nan da alkawarina, ina juya shi kamar mai juya waina. Da aka ɗaga ranar sau ɗaya saboda rigimar dangi, na ji sanyi a raina, nan take kuma na ce astagfirullah. Ƙawata na kwance cikin ƙanƙara, ni ina murnar an ƙara mata kwana.

Na je wurin malamin da ke karantar da mu matan aure ranar Asabar da Lahadi. Na jira kowa ya watse, na durƙusa daga nesa na faɗa masa.

Ya ce, "Malama, gaisuwar mutuwa ga maƙwabci ba laifi, ki je. Fulawa a kabari kuwa ba tarbiyyarmu ba ce. Ki ba iyalinta a hannu a matsayin kyauta. Abin da suka yi da ita nasu ne."

"Allah gafarta Malam, ai da hannuna na ce."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Wa ya aike ki?"

"Tana ciwo ne, Malam."

"To. Alkawari abu ne mai nauyi, wannan ma ba ƙarami ba ne. Allah ne mafi sani. Ki yi abin da zuciyarki ta natsu da shi."

Na yi godiya na tashi. Bai san cewa zuciyata ba ta taɓa natsuwa da komai ba.

Daga nan sai na fara nemar wa kaina hanya ta cikin kalma. Na ce ai fulawa ce ta Nasara, sunanta ma nasu ne. Fure kuwa halittar Allah ne, kakata ma ta san shi. In fure na kai, ba fulawa ba, wataƙila abin ya yi sauƙi. Na faɗa wa 'yata ta biyu, wadda ta yi karatu mai zurfi, muna tsinke alayyafo a tsakar gida.

"Mma, abu ɗaya ne fa."

"Ba ɗaya ba ne. Ke duba mini a wayarki, daga ina kalmar ta fito?"

Ta goge hannu ta duba. Ta ce su kansu Turawan Ingila aro suka yi daga Faransawa, Faransawa kuma sun gada daga harshen Rumawan da. Ta ce har suna da wata tsohuwar kalma tasu ta gado, wadda suka fi faɗa wa furen itatuwa masu 'ya'ya, ta aron kuma ta mamaye sauran.

"Kin gani," na ce, "su ma sun raba."

"Sun raba a baki, Mma. Wanda ya gan ki da shi a hannu ba zai tambaye ki sunansa ba."

Gaskiya ta faɗa, na kuma ji haushinta. Na yi ta mamakin yadda kalma ta bi hannu-hannu daga wata ƙasa zuwa wata, ta haye teku, ta zo ta zauna a bakina a kasuwar Kumasi, amma wannan sanin bai rage mini komai ba.

Na je wurin masu haɗa fulawar jana'iza a bakin titi. Duk na takarda ne da roba, an naɗa su zagaye kamar tayar keke an rufe da leda mai ƙyalli, wasu da gicciye a tsakiya. Na tsaya daga nesa ina kallo, na ja mayafi na rufe rabin fuska kada wani ɗan unguwarmu ya wuce. Ba irin su ta ce ba. Na juya.

Ranar Juma'a, jajibirin jana'iza, bayan an tashi kasuwa, na ɗauki almakashin yankan zane na durƙusa gaban gwangwanayenta. Ban taɓa yanke fure ba a rayuwata. Ina jin kamar rankwashi zai sauko mini a ka. Na yanki ja, na yanki fara, har rawayar da ban so na haɗa, don ita tana son ta. Ƙaya ta soke ni a yatsa. Na ɗaure su da ƙyallen atamfa, na sa cikin bokiti da ruwa kaɗan, na rufe da tsohon ɗankwali na kai gida. Surukata ta tambaye ni mene ne a bokiti, na ce ganye ne. Ganye ne kuwa, amma na san ƙarya na yi.

Ƙauyensu yana can bayan Atonsu, hanyar tafki. Na bi motar matan kasuwa, duk sun sha baƙi da ja, ni da baƙin mayafi, fulawa a cinyata cikin jaka. An kwantar da Maame a gado a tsakar gidan gado, an yi mata ado da sarƙa da kente, saƙin gargajiyarsu. Na shiga layi na wuce ta gabanta. Ba ta yi kama da kanta ba, sun cika mata hoda. Da aka shiga coci na zauna a waje ƙarƙashin rumfa. Ba wanda ya ce mini komai, sun saba da mu. Har lokacin ina ganin zan iya. Na gaya wa kaina abu kaɗan ne: in ajiye, in juya, in nemi gafara.

Aka fito da akwati, masu busa na gaba, muka bi a ƙafa zuwa bayan gari. Rana ta take. Maƙabartar ba ta da ƙyaure, ginshiƙai biyu ne na siminti, hanya ta ratsa tsakaninsu ta shige ƙarƙashin itatuwa. Mata suka yi ta shiga, da tsofaffi da masu goyo, kamar masu shiga kasuwa. Na iso tsakanin ginshiƙan nan, ƙafata ta tsaya.

Duk tsawon makonnin nan fulawa nake ta tunani. Ban taɓa tunanin ƙofar ba. A Zongo mace ba ta bin gawa. Muna tsayawa a gida, maza su ɗauka su tafi su dawo. Ban taɓa taka maƙabarta ba. Ban san inda mahaifiyata take kwance ba. Kabarin maigidana ɗana ne ya kwatanta mini, ya ce kusa da wani dogon itace ne, ni kuma na riƙe wannan itacen a raina ban taɓa ganinsa ba. Yanzu ga ni da furanni a hannu zan shiga wurin wata, alhali mutumin da na zauna da shi har ya yi furfura ko tsayuwa ban taɓa yi a kansa ba. Ba tsoron zunubi kaɗai ya riƙe ni ba. Ji na yi kamar su biyun suna kallona.

Wata mata ta ture ni ta wuce. Na matsa gefe na jingina da ginshiƙi.

Daga inda nake ina hango taron, ina kuma ji, don mai gabatarwa da lasifikar hannu yake magana. Aka yi waƙa, aka saukar da akwati. Sai aka fara kiran masu ajiye fulawa, da Twi, yarensu. Ta 'ya'ya. Ta 'yan'uwa. Ta ƙungiyar matan coci. Ta matan kasuwa. Kowane kira sai in ga wani ya fito ya sunkuya. Sannan na ji ya ce, "Ta ƙawarta Hajiya, daga Zongo."

Ashe 'yar Maame ta gaya musu.

Na ga kawuna na juyawa. Ya sake kira, ya ja sunan yadda suke ja. Na ɗaga ƙafar dama, wallahi na ɗaga, na mayar da ita inda take. Na ji bakina na cewa "ga ni" a hankali, yadda ko ni da ƙyar na ji. Mai lasifika ya yi wata magana, wasu suka ɗan yi dariya, aka wuce zuwa addu'ar rufewa.

Mutane suka fara fitowa. Na sunkuyar da kai. Matan layinmu na kasuwa suka wuce, ɗaya ta ce, "Ei, Hajiya, kana nan ashe?" ba ta jira amsa ba. Fulawar ta fara yaushi, farar ta sunkuya, jar tana zubar da ganyenta a kan mayafina. Na yi ta karkaɗewa ina tattarawa a tafin hannu, ban san me zan yi da su ba.

'Yar Maame ce ta fito kusan ƙarshe, mata biyu na riƙe da ita. Idonta ya kumbura. Ta gan ni, ta zame hannunta daga nasu ta zo.

"Mma, mun kira ki."

"Na ji."

Ta dubi abin da ke hannuna. Ta taɓa rawayar da yatsa. "Na gwangwaninta ne."

"Su ne."

"Zo mu shiga tare. Ba kowa yanzu, sai masu mayar da ƙasa. Ba wanda zai gan ki."

Ta kama hannuna ta ja. Yarinyar da na goya, na ba ta koko da cokali, ga ta tana ja na kamar ni ce yarinyar. Na so ta fi ni ƙarfi. Da ta ja da gaske da na bi ta, in ce ba ni na kai kaina ba. Amma tana da ladabi, da ta ji na cije sai ta sassauta.

"Ba zan iya ba, 'yata. Ki yafe mini."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta miƙo hannu biyu na ɗora mata, har da ganyen da na tattara a tafina. Ta cire dogayen takalmanta ta ajiye kusa da ƙafata.

"Me zan ce mata?"

Su suna magana da mamatansu, mu ba ma aika saƙo. Na san wannan, na kuma san gobe zan zauna ina tuhumar kaina a kan amsar. Na ce, "Ki ce mata na zo. Ina bakin ƙofa."

Ta juya ta koma ita kaɗai, ba takalmi, cikin ranar nan. Na tsaya ina gadin takalmanta. Na ga ta isa, masu shebur suka dakata, ta durƙusa. Ta daɗe fiye da yadda ajiye fulawa ke bukata.

Da ta dawo, jar ƙasa ta ɓata mata gwiwoyin zane. Ta dafa kafaɗata ta sa takalmi ɗaya, ta sa ɗayan.

"Na sa a wajen kanta," ta ce. "Mu je, Mma, ki sha ruwa."

Na bi ta a baya zuwa cikin gari. Da hannuna na ce zan sa, hannun yarinyar ne ya sa.